Yadda Amurkawa Suka Yi Jayayya Kafin Su Yi Mubaya'a ga Tsarin Mulkinsu

Ranar 17 ga Satumba, 1787, a birnin Filadalfiya, mutum 39 suka sa hannu a wata takarda wadda aka shafe kusan wata huɗu ana tsara ta a ɗaki rufe, bayan mahalarta taron sun ɗaukar wa juna alkawari cewa babu mai fitar da ko kalma guda daga abin da ake tattaunawa. Kuma ko da yake takardar nan ita ce tsarin mulkin da Amurka take bi har yau, wanda ƙasashe da dama suka yi ta kwaikwayo, a ranar da aka gama ta ba ta wajaba a kan kowa ba, hasali ma akwai hujja mai ƙarfi a hannun duk wanda zai ce marubutanta sun ƙetare haddin aikin da aka aike su. Mutum uku daga cikin manyan da suka zauna har ƙarshe, watau George Mason da Edmund Randolph na Birjiniya da Elbridge Gerry na Masachusets, sun ƙi sa hannu. Biyu daga cikin wakilan New York uku sun tattara komatsansu tun watan Yuli sun koma gida. Rhode Island kuwa ba ta aiko da kowa ba tun farko. Abin da ya biyo baya shi ne jayayya ta fili, a jaridu da majalisu da majami'u da masaukan baƙi, kuma a ganina jayayyar nan ta fi zaman Filadalfiya kansa cancantar a tsaya a kanta.

Jihohi 13 da suka yi shelar 'yancin kai a 1776, wanda Ingila ba ta sallama da shi ba sai a sulhun Faris na 1783, suna zaune ne a ƙarƙashin wani ƙawance mai sako-sako da ya fara aiki a 1781, inda kowace jiha, babba ko ƙarama, take da ƙuri'a ɗaya a Majalisar Ƙasa, ita kuwa majalisar ba ta da ikon aza wa kowa haraji sai dai ta roƙi jihohi su ba da abin da ya sawwaƙa, ba kuma a iya canza ko harafi guda na yarjejeniyar sai dukan jihohin sun yi ijma'i a kai. Sau biyu aka nemi a ba majalisar izinin karɓar kuɗin fito don ta biya bashin yaƙi. Karo na farko Rhode Island ta hana, karo na biyu ya mutu a hannun New York. Sa'an nan a 1786 manoman yammacin Masachusets, waɗanda bashi da haraji suka kai gonakinsu bakin gwanjo, suka tashi suka rufe kotuna, kuma a watan Janairu na 1787, ƙarƙashin wani tsohon hafsan yaƙin 'yanci mai suna Daniel Shays, suka nufi ma'ajiyar makamai ta Springfield. An murƙushe su, amma fitinar ta tsorata masu dukiya da masu mulki ƙwarai, har Majalisar Ƙasa ta yarda, ranar 21 ga Fabrairu, a yi taro a Filadalfiya, bisa sharaɗi bayyananne cewa aikinsa gyaran tsohuwar yarjejeniya ne kawai.

To, su kuwa da suka taru, George Washington yana shugabancin zaman, James Madison ɗan shekara 36 yana riƙe da zaren tunanin, sai suka ajiye tsohuwar yarjejeniyar gefe guda, suka gina gwamnati sabuwa fil, mai shugaban ƙasa da majalisu biyu da kotun ƙoli, mai ikon karɓar haraji kai tsaye daga hannun mutane da ajiye soja. Kana suka rubuta a ƙarshen takardar cewa da zarar jihohi tara sun amince, ta hanyar tarukan musamman da jama'a za su zaɓa don wannan aiki kaɗai, to ta zama doka a tsakanin waɗanda suka amince. Ta haka suka kauce wa sharaɗin ijma'i, suka kuma kauce wa majalisun jihohi, waɗanda su ne za su fi kowa hasara. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya suna da hukunci a kan mutumin da ya sayar da abin da ba a wakilta shi ya sayar ba: cinikin ba ya ɓaci nan take, ba kuma ya zartuwa, yana nan a rataye har sai mai kaya ya ji, in ya yarda ya inganta, in ya ƙi ya rushe. Matsayin takardar Filadalfiya ke nan a ƙarshen 1787, kuma Madison kansa daga baya ya yi iƙirari da cewa shawara ce kawai, tarukan jihohi ne suka ba ta rai.

Masu goyon baya sun kira kansu 'Yan Tarayya, kuma suna da abubuwan da ake cin nasara da su: sunan Washington da na dattijo Benjamin Franklin, mafi yawan jaridu, attajiran biranen gaɓar teku, masu bin gwamnati bashi, lauyoyi, tsofaffin hafsoshin soja, da masu sana'ar hannu na birane waɗanda kayan Ingila masu araha suka kashe wa kasuwa. 'Yan adawa ba su kasance ƙungiya ɗaya ba, kuma wannan shi ne babban rauninsu. A cikinsu akwai manyan masu gandu na Birjiniya irin su Mason da Richard Henry Lee da Patrick Henry, akwai gwamna George Clinton na New York wanda jiharsa take cin moriyar kuɗin fiton tasharta, akwai kuma ɗimbin ƙananan manoma na ƙauyukan da ke nesa da teku, waɗanda ba su taɓa ganin wani alheri ya zo musu daga hukuma mai nisa ba. Abin da ya haɗa su tsoro ne, kuma tsoro ne mai dalili, domin shekara huɗu kacal ke nan da suka rabu da wata gwamnati mai nisa wadda ta aza musu haraji ta kuma girke musu soja.

A Fensilbaniya aka fara, kuma an fara da abin kunya. 'Yan Tarayya suna da rinjaye a majalisar jihar, suna kuma gaggawar kiran taron amincewa kafin majalisar ta tashi, tun mutanen karkara ba su ko karanta takardar ba. 'Yan adawa suka ƙaurace wa zaman don kada adadin da zama yake inganta da shi ya cika. Ranar 29 ga Satumba wasu gungun mutanen gari suka kutsa masaukin biyu daga cikinsu, suka jawo su ta titi da ƙarfin tsiya, suka zaunar da su a kujerunsu, aka ƙirga su, aka zartar. Jihar ta amince ranar 12 ga Disamba da ƙuri'a 46 da 23, kwana biyar bayan Delaware ta zama ta farko. Amma marasa rinjayen, da aka hana su ko shigar da dalilansu cikin littafin zaman, suka buga su a jarida, suka bazu ko'ina, kuma a garin Carlisle jama'a suka tarwatsa bikin murna suka ƙone mutum-mutumin James Wilson, babban lauyan da ya kare takardar. Nasarar da aka samu ta wannan hanya ta kusa zama hasara, gama ta tabbatar wa masu shakka cewa akwai abin da ake ɓoyewa. New Jersey da Jojiya da Connecticut suka bi baya ba da wata wahala ba, ƙanana ne ko raunana, kowace tana da bukatar inuwar tarayya.

A wannan tsakanin ne aka yi munazarar alƙalami wadda har yanzu ake karantawa. Al'adar zamanin ita ce a yi rubutu da sunan aro, galibi na mutanen tsohuwar Rum. Wani mai sa hannu da sunan Brutus ya fara a watan Oktoba a New York, yana kafa hujja da ra'ayin malamin Faransa Montesquieu cewa jamhuriya ba ta ɗorewa sai a ƙaramar ƙasa inda mai mulki da wanda ake mulka suka san juna; ya ce ƙasa mai faɗin Amurka ba za ta mulku daga wuri guda ba sai da soja, ya ce ikon haraji marar iyaka zai bi mutum har cikin ɗakinsa, ya kuma yi gargaɗi cewa alƙalan kotun ƙoli, da yake babu mai tuɓe su saboda kuskuren hukunci, babu kuma kotun da ke bisansu, za su yi ta faɗaɗa ikon tarayya da tawili a hankali har jihohi su zama suna kawai. Martanin ya zo daga Alexander Hamilton da Madison da John Jay, su uku da suna ɗaya, Publius, a maƙalu 85 da suka fara fitowa ranar 27 ga Oktoba. A ta goma Madison ya juya hujjar Brutus ya tsayar da ita a kanta: ya ce a ƙaramar al'umma ne ƙungiya ɗaya take saurin zama mafi rinjaye ta danne saura, amma idan ƙasa ta yi faɗi, maslahohi da ɗariƙu da sana'o'i suka yawaita, da wuya masu mugun nufi su haɗu su zama rinjaye, ko sun haɗu da wuya su daɗe. Wanda ya dubi Amurka ta yau da idon adalci zai ga kowane ɗayansu ya faɗi wani yanki na gaskiya, kuma abin da Brutus ya hango game da kotun ƙoli ya auku kusan yadda ya siffanta shi.

Amma makamin da ya fi kaifi a hannun 'yan adawa 'Yan Tarayya ne suka ba su da kansu. Ranar 12 ga Satumba, ana saura kwana biyar a tashi, Mason, wanda shi ya rubuta wa Birjiniya bayanin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a 1776, ya nemi a sa irinsa a farkon sabon tsarin, ya ce aikin sa'o'i kaɗan ne. Wakilai sun gaji, zafi ya dame su, suka ƙi, babu jiha ko ɗaya da ta goyi baya. Da aka fito fili sai Wilson ya kare wannan rashi da cewa gwamnatin tarayya ba ta da iko sai wanda aka ba ta a rubuce, don haka babu bukatar a hana ta abin da ba a ba ta ba. Hujja ce ta lauya, talaka kuwa bai karɓe ta ba, domin tambayarsa mai sauƙi ce: in dai babu nufin taɓa 'yancin addini da na jarida da na shari'a a gaban jama'a, mene ne wahalar rubutawa? Thomas Jefferson, yana jakadanci a Faris, ya rubuto wa Madison a watan Disamba yana faɗa masa haka nan.

A Masachusets al'amarin ya kai intaha. Wakilai fiye da 350 suka taru a Bostan a watan Janairu na 1788, har da waɗanda suka bi Shays shekara guda da ta wuce, kuma da an kaɗa ƙuri'a a ranar farko da takardar ta faɗi, in kuwa ta faɗi a nan da wuya ta tashi a wani wuri. Wani dattijo daga karkara, Amos Singletary, ya miƙe ya ce lauyoyin nan da masu ilmi da masu kuɗi, da suke ta zaƙin baki don talakawa marasa karatu su haɗiye maganin, su ne za su shiga majalisa su riƙe mulki da dukiya, sa'an nan su haɗiye ƙananan mutane kamar yadda kifi ya haɗiye Annabi Yunusa. Wanda ya amsa masa manomi ne ɗan'uwansa, Jonathan Smith, daga yankin da fitinar Shays ta fi ƙamari, ya ce shi ya ga abin da rashin hukuma yake haifarwa, ya ga an ɗora wa maƙwabci bindiga a ƙirji, kuma mutanen da suka ɗanɗani wannan hali za su rungumi duk wanda ya zo musu da tsari, ko da azzalumi ne. Ya ce shi bai ga laifin takarda ba don kawai lauyoyi da attajirai suna sonta. Ina ganin babu inda muhawarar ta fi tsarki kamar tsakanin mutanen nan biyu, domin babu ɗayansu da ke neman muƙami, kowanne abin da ya gani da idonsa yake tsoro.

Mafitar ta zo ta hannun gwamna John Hancock, wanda ciwon gaɓoɓi ya tsare a gida har sai da 'Yan Tarayya suka yi masa alkawarin goyon baya a zaɓe mai zuwa, suka kuma nuna masa cewa babban muƙami na ƙasa yana iya faɗowa gare shi. Aka ɗauko shi zuwa zauren, ya kawo shawara cewa a amince da takardar yadda take, ba da wani sharaɗi ba, amma a haɗa da gyare-gyare tara waɗanda za a umarci wakilan jihar su nema a sabuwar majalisa. Samuel Adams, tsohon jagoran gwagwarmayar 'yanci wanda da yake ɗari-ɗari, ya goyi baya. Ranar 6 ga Fabrairu aka amince da ƙuri'a 187 da 168, kuma da yawa daga waɗanda aka kayar suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka ce an saurare su, an rinjaye su bisa ƙa'ida, za su koma gida su kira mutanensu zuwa ga biyayya. Niyyar Hancock ba tsarkakakkiya ba ce, amma dabarar ta buɗe ƙofar da kusan dukan jihohin da suka rage suka bi.

A nan ne tarihin yake taɓa mu. Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da Nijeriya ta ɗauka a 1979 daga Amurka aka aro shi; kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar a watan Oktoba na 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya tsara, majalisar da Mai shari'a Udo Udoma ya shugabanta ta yi muhawara a 1977 da 1978, har aka kai ga ficewar wakilai a kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a, amma kalmar ƙarshe ta majalisar ƙoli ta soja ce, wadda ta yi nata gyare-gyare ta zartar da doka. Na 1999 ma da dokar soja mai lamba 24 ya fito. Mun ɗauko ginin, mun bar matakin da aka mayar wa jama'a takarda aka ce su karɓa ko su ƙi, kuma ina kyautata zaton wannan yana daga cikin dalilan da har yau ba a daina tambayar wa ya yarda da shi ba.

A can Amurka kuwa, Rhode Island ta ƙi kiran taro, ta kai maganar ƙuri'ar raba gardama a watan Maris na 1788, 'Yan Tarayya suka ƙaurace, fiye da mutum 2,700 suka ce a'a, masu cewa i ba su kai 250 ba. Maryland da Karolina ta Kudu suka amince. New Hampshire, inda 'Yan Tarayya suka ɗage zama a watan Fabrairu da suka ga za su sha kaye, ta zama ta tara ranar 21 ga Yuni da ƙuri'a 57 da 47. A lissafi an gama, amma kowa ya san tarayyar da babu Birjiniya da New York a cikinta ba za ta yi rai ba, balle ma Washington, wanda kowa ya ɗauka shi ne shugaban farko, ɗan Birjiniya ne. A Richmond, inda taron Birjiniya ya zauna, Patrick Henry, wanda babu mai fasaharsa a zamanin, ya yi mako uku yana kai hari, wani jawabin nasa yakan ci sa'o'i, yana tambaya wa ya ba mutanen Filadalfiya izinin yin magana da sunan al'umma alhali jihohi ne suka aike su, yana cewa shugaban ƙasan nan sarki ne da aka sake wa suna. Madison, mai ƙaramar murya har marubucin zaman yakan kasa jinsa, ya bi shi sashe bayan sashe da haƙuri, John Marshall yana taya shi a kan batun kotuna. Gwamna Randolph, wanda ya ƙi sa hannu a Filadalfiya, ya juya ya ce yanzu zaɓin ya koma tsakanin tarayya da wargajewa. Ranar 25 ga Yuni, ba su ma san New Hampshire ta riga su ba, suka amince da ƙuri'a 89 da 79. Henry ya ce zai zauna ɗan ƙasa mai zaman lafiya, ya nemi gyara ta hanyar doka, kuma ya cika wannan alkawari.

A New York 'yan adawa sun ci kujeru 46 a taron Poughkeepsie, 'Yan Tarayya 19 kawai. Jagoransu a muhawara, Melancton Smith, ya kawo hujjar da har yau ba a gama amsa ta ba, cewa majalisar wakilai mai mutum 65 a ƙasa mai kusan mutum miliyan huɗu ba za ta ƙunshi kowa ba sai manya, domin a mazaɓa mai faɗi sai sananne ko mai kuɗi yake ci, matsakaicin mutum kuwa, wanda ya san zafin haraji a jikinsa, ba zai ko tsaya ba. Da labarin Birjiniya ya iso, aka kuma fara raɗe-raɗin cewa birnin New York zai ɓalle ya shiga tarayya shi kaɗai, sai 'yan adawa suka nemi a amince bisa sharaɗin jihar tana iya ficewa in ba a yi gyara ba. Hamilton ya karanta musu wasiƙar Madison cewa amincewa mai sharaɗi ba amincewa ba ce. Smith ya auna, ya ga maslahar jiharsa ta fi girman matsayinsa, ya janye, ya ja wasu suka bi shi, aka amince ranar 26 ga Yuli da ƙuri'a 30 da 27. Mutanensa ba su yafe masa ba, kuma bai ƙara samun wani babban matsayi a siyasa ba.

Akwai waɗanda aka yi ciniki a kansu ba a tambaye su ba. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000, kuma takardar, ba tare da ta ambaci sunan bauta ko sau ɗaya ba, ta yi hukunci uku a kansu: a lissafa kowane bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, abin da ya ƙara wa iyayengijinsu ƙarfi, a mayar da bawan da ya gudu zuwa wata jiha, kuma kada majalisa ta hana shigo da bayi daga Afirka kafin 1808. Da farko 1800 aka sa, Charles Cotesworth Pinckney na Karolina ta Kudu ya nemi ƙarin shekara takwas aka ba shi, ya kuma koma gida ya gaya wa majalisar jiharsa cewa sun samo wa wannan nau'i na dukiya mafi kyawun kariyar da za a iya samu. Luther Martin na Maryland ya la'anci sashen a fili. Amma 'yan adawa ba su da tsabtar hannu a nan: Mason ya kira fataucin bayi abin ƙyama alhali shi kansa mai bayi ne da yawa, a zama guda kuma ya yi kukan cewa ba a kare bayin da ke hannu ba, Henry, mai kiran 'yanci, ya tsoratar da taron Richmond da cewa sabuwar gwamnati tana iya 'yanta musu bayi.

Karolina ta Arewa ta yi zamanta a Hillsborough a watan Yuli na 1788, kuma a can ne aka yi wata muhawara da ta ambace mu da suna. Takardar ta hana a gindaya wa kowa sharaɗin addini kafin ya riƙe muƙamin tarayya, sai wani limamin ɗariƙar Baftis, Henry Abbot, ya bayyana tsoron mutanensa cewa ta wannan ƙofa arna da Musulmi za su iya hawa mulki. James Iredell, wanda daga baya ya zama alƙalin kotun ƙoli, ya amsa cewa ba yadda za a kafa 'yancin addini sa'an nan a ware wasu, kuma sharaɗin rantsuwa bai taɓa tsare munafuki ba, mai gaskiya kaɗai yake korewa. Su duka suna maganar Musulmi ne kamar wani abu na can nesa, alhali Musulmi suna cikin gonakin ƙasar a ɗaure. Taron ya ƙi amincewa, 184 da 84, sai a watan Nuwamba na 1789 wani sabon taro ya amince a garin Fayetteville. Karolina ta Kudu kuwa ta sake buɗe tasharta ga jiragen bayi a ƙarshen 1803, kuma cikin shekara huɗu da suka rage kafin wa'adin ya cika aka sauke 'yan Afirka kusan 40,000 a Charleston. A cikinsu, a 1807, akwai wani malami daga Futa Toro, Umar ibn Sa'id, wanda ya yi shekaru 25 yana neman ilmi a ƙasarsu. Ya gudu daga ubangijinsa na farko, aka kama shi aka kulle a kurkukun wannan gari na Fayetteville, inda ya riƙa rubutun Larabci a bango. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci ya buɗe shi da Suratul Mulk, ya kuma rasu yana bawa a tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Da an bar wa'adin a 1800 yadda aka fara sa shi, mai yiwuwa da jirgin da ya ɗauko shi bai sami tashar sauka ba.

Saura alkawarin gyara. Henry, da yake majalisar Birjiniya a hannunsa take, ya hana Madison kujerar dattawa, aka kuma yanka masa mazaɓa mai cike da 'yan adawa, aka tsayar masa da James Monroe. Madison bai tsira ba sai da ya yi wa masu zaɓe, musamman 'yan Baftis da suka sha tsanani a hannun cocin hukuma, alkawari a rubuce cewa zai nemi gyaran da kansa, ya ci da ƙuri'a 1,308 da 972. Ranar 8 ga Yuni, 1789, ya gabatar da shawarwarinsa ga majalisar da ba ta da marmarin sauraro, domin 'Yan Tarayya sun sami abin da suke so, ya yi ta naci har aka aika wa jihohi gyare-gyare 12 a watan Satumba. Goma suka tabbata ranar 15 ga Disamba, 1791: 'yancin addini da magana da jarida da taro, hana binciken gida ba da izini ba, hana tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa, hana azaba mai tsanani, da barin duk ikon da ba a ba tarayya ba a hannun jihohi da jama'a. Gaskiya ne Madison ya tace, ya ɗauki abin da ya shafi haƙƙin mutum ya bar abin da zai rage ikon haraji da na kotuna, har Lee ya yi ƙorafi cewa an raunana gyaran. Duk da haka sashen da Ba'amurke ya fi alfahari da shi a yau bukatar waɗanda aka kayar ce, kuma da ba su yi taurin kai ba da ba a rubuta shi ba. Rhode Island ta shigo a ƙarshe, ranar 29 ga Mayu, 1790, da ƙuri'a 34 da 32, bayan majalisar dattawa ta zartar da ƙudurin yanke ciniki da ita.

Ƙungiyoyin biyu ba su daɗe a yadda suke ba. Kafin shekara uku Madison ya raba gari da Hamilton a kan bashin ƙasa da kafa bankin tarayya, yana zarginsa da irin faɗaɗa iko ta tawili da Brutus ya yi gargaɗi a kai, ya haɗa kai da Jefferson, kuma mafi yawan tsofaffin 'yan adawa suka bi su. A 1798 'Yan Tarayya, suna tsoron yaƙi da Faransa, suka kafa dokar da ta mai da sukar gwamnati laifi, aka ɗaure ɗan majalisa Matthew Lyon na Vermont wata huɗu da tarar dala 1,000, mutanensa suka sake zaɓensa yana kurkuku. Madison ya rubuta wa majalisar Birjiniya ƙudurin da ya yi tir da dokar, yana kafa hujja da gyaran farko da kuma haƙƙin jihohi, watau da makaman mutanen da ya kayar a Richmond shekara goma da suka wuce. Patrick Henry kuwa, ya tsufa ba shi da lafiya, da Washington ya rubuto masa yana roƙonsa ya fito don kada Birjiniya ta kai ƙasar ga rabuwa, sai ya amsa, ya tsaya takarar majalisar jiha a 1799 a ɓangaren 'Yan Tarayya, yana gaya wa jama'a cewa jiha ba ta da hurumin yanke hukunci a kan dokar tarayya, gyara kuwa ta hanyar da tsarin ya tanada ake nemansa. Ya ci zaɓen, amma ya rasu ranar 6 ga Yuni na wannan shekara, kafin majalisar ta zauna.